Kuregen Gayaunata da Jan Karen Malam

Gayaunata ta gyaɗa tana gindin duwatsun nan na bayan gari, ta hanyar Buji. Shekarar da kuregu suka dame ni da tono, Malam, wato maigidana, ya samo wani jan kare ya ajiye a bukkar gona. Ni ke kai masa ƙanzo, har ya san takuna.

Akwai wani babban kurege da ya gagare shi. Karen zai laɓaɓo, ciki a ƙasa. Kuregen na hango shi, maimakon ya gudu, sai ya haye dutse kusa da raminsa, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya baza wutsiya yana kaɗa ta, yana kallon karen ido cikin ido. Sai karen ya tsaya, ya yi hamma, ya koma inuwa ya kwanta abinsa.

Da Malam ya ga haka, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Wannan ba mai gadi ba ne, abokin hirar kurege ne. Ranar kasuwa zan ba mafarauta shi."

Ban so ba. Na ce, "Malam, a yi masa afuwa. Ni gani nake kuregen cewa yake, na gan ka, ga ramina, kada ka wahalar da kanka. Shi kuma ya ji. Waɗanda ya shammata ai yana kamawa."

Ya ce, "Au, ajin naku na yaƙi da jahilci har yaren kurege ake koyarwa?"

Na ci gaba da cirar ciyawa.

Washegari da hantsi Malam ya ce zai nuna wa kare yadda ake aiki. Ya tuɓe takalmi, ya ɗau sanda, ya shiga sanɗa cikin farar rigarsa da ake hangowa tun daga titi. Kuregen ya haye dutsensa, ya miƙe, ya kaɗa wutsiya. Malam ya tsaya cak, sanda a sama. Ya dubi dutsen, ya dubi ramin, ya shafa gwiwarsa mai ciwo. Sai ya juyo a hankali, ya zauna a inuwar dabino, nesa kaɗan da karen.

Na dama fura na miƙa masa. Na ce, "Sannu da farauta, Malam. Kai me ya ce maka?"

Ya ce, "Ke dai miƙo ludayi."

Ranar kasuwa ta zo, ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo, sai ga ƙasusuwa a leda daga wurin mahauta. Ya ajiye mini su a bakin ƙofa, ya wuce alwala.