Ranar da aka nemi Hauwa'u aka rasa a Balan

Har gobe ba na mantawa da wata Talata, bayan an gama cirar gyaɗa, da wata Farfesa ta zo ƙauyen Balan duba aikinmu. Ina rubuta wannan ne saboda ku sababbin ma'aikata da Dakta Binta ta ɗauka bana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gaya.

Dakta Binta malama ce a sashen koyar da likitanci na jami'a. Bincikenta a kan hawan jinin masu ciki yake, wanda ke kawo jijjiga wajen haihuwa. Aikina shi ne rakiya a ƙauyukan Gaya da Ajingi. In nemo izinin mai unguwa da na maigida, in zauna a zaure, ma'aikaciyar jinya ta shiga ta auna matar. Ni kuma nake rubuta sunan matar da na mijinta a takardar yarda, a kai mata ciki ta dangwala. Tun farko Dakta ta ce sunan yanka take so, ban da laƙabi, don haka wajen mazaje nake tambaya.

A shekara ta uku aka sa sunan Dakta cikin malaman da jami'a za ta ba lambar yabo kan bincike. Kafin a ba kowa, kwamiti kan turo babban malami ya tabbatar mutanen da aka ce an auna akwai su da gaske. Shi zai zaro takardun da ya ga dama, kuma ba a yarda wani daga cikinmu ya shiga tare da shi ba. Dakta kanta a Kano aka ce ta zauna.

Wadda aka turo Farfesa ce, mutuniyar Kudu, dattijuwa mai fara'a. Tana jin Hausa daidai gwargwado, irin ta cikin birni. Ta zaro takardu uku na Balan, na kai ta ƙofar gidan farko na koma gindin darbejiya.

Ba ta daɗe ba ta fito. Ta ce in nuna mata gida na biyu. Da ta fito daga can ma, fara'ar nan ta tafi. Ta kira ni gefe ta ce a gidan farko takarda ta ce Hauwa'u, matar kuma ta ce sunanta Ladi. Ta sake tambaya ko ita ce Hauwa'u, matar ta sunkuyar da kai ta yi shiru. A gida na biyu ta tambayi matar sunan mijinta har sau uku, matar ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki.

"Malam Sale, wa ya rubuta sunayen nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta ce idan na uku ma ya fito haka, dole ta rubuta wa kwamiti cewa ba ta tabbatar da matan ba. Na san abin da hakan ke nufi. Lambar yabo ta tafi, a sa wa binciken Dakta na shekara uku alamar ƙarya, ni kuma a ce wanda bai gama koyon rubutu ba ya zauna a inuwa ya ƙirƙiro mata. Amma da na sake juya maganarta a raina, sai na ga inda aka samu matsala.

Na roƙe ta kada ta karɓi bayani daga bakina, tunda ni ake zargi. Na ce ta tare duk wanda ta ga dama a hanya ta sa a kira mata ungozomar unguwar. Haka ta yi. Aka zo da Inna Tasalla, tsohuwar da ta yanke wa rabin Balan cibiya, tana mitar an taso ta daga kan tukunya.

Da Farfesa ta karanta mata sunan, Inna ta ce ai Ladin Garba ce. Ranar Lahadi aka haife ta, sunanta na yanka Hauwa'u, kuma sunan uwar mijinta ke nan. Tun da aka kawo ta gidan ba wanda ya taɓa kiranta da shi, ita ma ba za ta ambata ba, balle surukar tana zaune a tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa. Da aka zo kan ta biyu, Inna ta dubi Farfesa sama da ƙasa.

"Hajiya, ke a garinku mace kan kama sunan mijinta gatsau a gaban baƙi?"

Farfesa ta yi dariya ta ce ita ma uwarta ba ta taɓa yi ba, shekarun ofis ne suka mantar da ita. Duk da haka ba ta tsaya nan ba. Ta koma gidajen tare da Inna, ta ce kowace ta ɗauko katin awonta. Sunan da ke kan kati ya zo daidai da na takarda, ranakun awo ma haka. A gida na uku ba ta tambayi suna ba sam, ta nemi kati, ta tambayi matar abin da aka yi mata da maganin da aka ba ta. Ta fito da ƙwaryar gyaɗa a hannu.

Sai da motarta ta hau titin Gaya na zauna a kan dakali na buga wa Dakta waya. Ta yi hamdala, sannan ta ce laifinta ne da ta hana rubuta laƙabi. Bayan wata biyu aka ba ta lambar, ta aiko mini da hoton bikin.

Shi ya sa takardar da aka ba ku yanzu take da layi biyu, na sunan yanka da na sunan da ake kira a gida. Ku cike duka biyun ko da kuna sauri. Aikin nan a jami'a ake yaba shi, amma a cikin gidajen mutane ake tabbatar da shi, kuma matar da ta yarda aka auna jininta ba lallai ta yarda ta faɗi sunanta ba.