Malamin da Ya Ce Bai Sani Ba

Kullum da hantsi Malam Abdulƙadiri Maigandi kan nufi makarantar elemantare ta Gandi da wani abu cikin aljihu, ruɓaɓɓiyar albasa ko zangarniyar gero. Sai ya aje gaban yara ya ce, "Mi kunka gani?" Daga nan ya ja bakinsa. Bana zai aje alli. Mu da muka bi ta hannunsa a Wurno mun san abin da ya kai shi Gandi.

Wata damina a Wurno kurkunu ya kwantar da manoman unguwar bakin tafki, ciyawa ta haye gero. Habi, ɗalibarsa, ta bar mahaifinta kwance ta zo aji.

"Malam, don mi kurkunu ya kama Baba, bai kama mutanen kasuwa ba?"

"Ban sani ba. Ku tahi ku tambayo inda kowa ka ɗibar ruwa."

Maganar ta shiga gari. Iyaye suka ce malamin da bai sani ba, mi za shi koya ma ɗiyansu? Suka kai ƙara. Mai duba makarantu ya zo daga Sakkwato, ya iske aji ba kowa. A bakin tafki ya same mu da Malam, ƙafafu duk laka, don mun gano nan ne masu kurkunu ka ɗibar ruwa.

"Malam, amsar ga tana cikin littafin tsabta. Faɗa musu, mu koma aji. In ba haka ba, aikinka na hannuna."

Mun san yana da iyali, ba shi da gona.

"Ranka shi daɗe, na san abin da littafi ya ce. Tafkin ga ne ban sani ba. Bari su duba."

Mutumin ya ɗaure fuska. Habi ta kwance ɗankwalinta, ta shimfiɗa a bakin ƙwarya, muka zuba ruwan tafkin. Da ya tsane sai ga wasu 'yan mitsi-mitsi suna motsi a kan ƙyallen.

"Wayyo! Ashe waɗanga Baba ka sha?"

Mai duba makarantu ya leƙa, ya daɗe, ya hau dokinsa. Ba a kori Malam ba. An ɗauke shi daga Wurno zuwa Gandi, bai kuma taɓa zama hedimasta ba.

Malam, kai ne mai shiru don yaro ya yi magana. Abin da ka biya mun gani. Mun gode, Allah shi saka. Ku malaman da ke tasowa, ku iya cewa "ku tahi ku duba."

Har yau a unguwar nan akwai ƙyalle ɗaure a bakin kowane tulu. Tambayi uwar Habi wa ya koya mata, za ta ce, "Ba kowa. Ɗiyata ta gani da idonta."