Ranar da Aka Aika Ni a Madadin Mesar Ruwa

Wata Asabar ce cikin zafin bazarar 2004, ina tsugune a tsakar gidanmu na Samaru ina goge tukunya da toka, sai ga wani direban bas ya leƙo, ya gaida Mama, ya ce Kawu Ishaya na Sabon Gari ya ce a aika masa da mesa yau-yau, kada a kai la'asar. Ko ruwa bai tsaya sha ba ya juya. Mama ta dube ni ta ce, "To Rifkatu, kin ji kawunki na nemanki, tashi ki yi wanka."

Ban ga laifinta ba a lokacin, don Kawun ne da kansa ya laƙaba mini sunan. Wata Kirsimeti ina ƙarama na haɗiye dafaffen ƙwai ɗungurungum don kada yayana ya ƙwace, sannan na miƙe a tabarma na yi ta sharar barci har yamma. Kawu ya ce, "Wannan ai mesa ce, ta haɗiye ta kwanta." Shi ke nan sunan ya bi ni. A makaranta in muna 'yar gala-gala, maza su zo wucewa suna huci irin na maciji. In aka ce an ga mesa a ciyawar bakin rafi ta haɗiye ɗan akuya, sai duk aji a juyo ana kallona. Har baƙar mesar da Baba ke ba lambunsa ruwa da ita sai da na tsana, don in ya ce a naɗe mesa, ƙannena kaina suke yowa da zani.

Duk da haka ranar na yi murna. Na sa rigar zuwa coci da takalmin da ke matse mini yatsu, Mama ta haɗa ni da wata maƙwabciyarmu mai zuwa unguwar PZ, kusa da Sabon Gari. Muna cikin bas gumi na tsiyaya, ni kuwa ina ta saƙa irin abin da Kawu zai saya mini.

Na same shi a filin da yake buga bulo a Unguwar Gabas, duk jikinsa siminti. Bai ko amsa gaisuwata ba, sai leƙa bayana yake.

"Ina mesar?"

"Ga ni, Kawu."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Ashe tasa mesar ruwan ce ta fashe, ga bulon da ya buga jiya jere a rana, in bai sha ruwa ba tsagewa zai yi, mai shi kuma na zuwa ɗauka. Ta Baba ya aika a ara masa. Muna cikin haka Maman Chidi mai shagon gefe, wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta fito tana faɗa wai ba wanda zai kawo maciji kusa da 'ya'yanta. Sai da Kawu ya ɗaga mata fasasshiyar robar ta gani kafin ta koma ciki.

Komawa Samaru a dawo ba zai yiwu ba, rana ta riga ta take. Kawu ya miƙo mini bokiti ya ce, "Tunda ke aka aiko, ke za ki yi aikinta." Haka muka yini, shi yana ja daga rijiya, ni ina bin layi ina yayyafawa, takalmina a rataye a katanga, rigar cocina ta zama tsumma. Da muka gama ya saya mini tsire, ya ce in ci a hankali kada in haɗa da tsinken. Don haushi na ƙi yi masa dariya. Na isa gida kuma Mama ta rufe ni da faɗa a kan rigar, kamar ni na aiki kaina.

Yanzu filin bulon ya zama shaguna, Kawu ya tsufa har ba ya gane mu sosai. Irin wannan saƙo yau da waya za a yi shi, a tambaya wace mesar, magana ta ƙare. Sai dai da an yi haka, da ban taɓa yini guda ni da shi kaɗai ba.