Shaidar Wata Uku

Ni na kawo wa ƙungiyar manoman shinkafarmu wannan fitinar. Na dawo Haɗeja da takardar karatun kwamfuta, babu aiki, sai ƙaiƙayin hannu. Na samo wata tsohuwar kwamfuta na ajiye a ofishinmu na bakin fadama, na mai da ita gidan wayarmu: duk imel ɗin ƙungiya a cikinta zai sauka, ba ruwanmu da kamfanin kowa. Wai 'yanci!

Kawuna ne shugaban ƙungiyar. Ranar da na haɗa masa waya, sai ga jan rubutu ya fito, wai ba a tabbatar da amincin wannan wuri ba. Da na fassara masa, ya cire tabarau.

"Wa ya ce?"

"Wayar ce, Kawu. Sai an sa wa injin, wato kwamfutar nan, satifiket. Wasu ne a ƙasar waje za su shaide mu."

"Sun san ni?"

"Ba su san ka ba."

"Ikon Allah! Mutumin da rabin garin nan ke ba ajiya, shi ne wanda bai taɓa ganinsa ba zai yi wa shaida?"

Da ya ji shaidar ma ta wata uku ce, ana sabuntawa, sai da ya yi salati. Haushi ya kama ni. Na sa satifiket ɗin, ɗan makulli, alamar aminci, ya fito a wayarsa, sannan na zaunar da shi na yi masa wa'azi. Na ce duk ranar da jan rubutun nan ya dawo, akwai wani ɗan wuri a ƙasa da ke cewa a ci gaba haka nan, kada ya kuskura ya taɓa, ta nan 'yan damfara ke shigowa. Na nanata har ya ce, "Na ji, ɗan nan, ba kurma ba ne ni." Batun sabuntawa kuwa na ce ya kwantar da hankalinsa, injin zai yi da kansa muddin yana kunne.

Abin da Kawu ke jira ta imel ɗin nan shi ne sabon irin shinkafa mai jure ruwa, wanda wata cibiya ta ce za ta raba wa ƙungiyoyin da suka amsa saƙonta a kan kari.

Sai kogi ya kawo. A wajenmu ba a shawara kan wannan: ruwa na taɓa bakin ƙofa, a cire komai, a kai tudu. Ina Kano lokacin, hanya ta yanke. Kwalekwale ɗaya Kawu ya samu, ga kayan jama'a, ga injin da batiransa masu nauyin tsiya. Ya auna, ya bar buhunan irinsa na gida a kan benci, tunda ai sabo na tafe. Injin kuwa, naɗe shi ya yi da bargonsa, ya rungume shi har tudu. Ruwa ya haye bencin.

Da ruwa ya janye suka mai da injin suka kunna. Ashe wata ukun ya cika injin na naɗe cikin bargo, sabuntawar kuma ta ƙi. Jan rubutu ya dawo. Matasan ƙungiya suka yi ta roƙon Kawu ya danna ɗan wurin nan na ƙasa, ya ce ko kusa, an riga an gargaɗe shi. Wanda bai taɓa jin maganata ba ko a kan gishirin miya, ranar nan ya ji ta tsaf.

Da hanya ta buɗe na iso, kafin shayinsa ya huce na gyara. Makulli ya fito. Saƙon cibiyar na nan a sama, wa'adin amsawa ya wuce, rabonmu an miƙa wa mutanen Kirikasamma. Na karanta masa, wallahi ji na yi kamar in nutse.

Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon ɗan makullin.

"To madalla," ya ce. "Yanzu an yarda da mu."

Ya miƙe ya kakkaɓe wani buhu da ba komai a ciki, ya saɓa a kafaɗa. Tun tasowata shi ake zuwa roƙon iri a gidansa. Na tashi zan bi shi, ya ce in zauna in tsare injin, kada shaidar ta sake ƙarewa.