Muryar da Yaya Hammadu Ya Ara wa Dorina

Shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Hammadu. Waɗanda suka san shi a Garoua sun kusa ƙarewa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan tun ina da sauran gani.

Mu 'ya'yan mahauci ne a unguwar Djamboutou. Yaya bai gaji wuƙa ba. Zane ya iya, da kwaikwayon muryar mutane, har ya sami aikin zana allon talla a wani gidan silima. Ni a lokacin na fara koyarwa a lekol, wato makarantar boko.

Wata shekara aka kawo fim na zane daga Turai, labarin wata dorina mai kwaɗayi da 'ya'yanta. Da Faransanci aka yi shi, yawancin 'yan kallo kuwa ba sa ji. Sai mai gidan ya ba Yaya lasifika ya ce ya tsaya gefen allo yana fassarawa. Yaya bai tsaya ga fassara ba. Ya ba dorinar murya mai kauri, yana gauraya Hausa da Fulatanci, ya raɗa mata suna Tumbi. Duk sanda ta cinye abin da ke gabanta sai ya ce, "A ƙaro." Mutanen da suka saba ganin dorina a kogin Binuwai suka ɗauke ta tasu. Matan da ba su taɓa taka ƙofar silima ba suka riƙa zuwa da 'ya'yansu.

Daga nan abin ya yi ta yaɗo. Aka kawo kashi na biyu, sai ƙananan littattafai masu hoto, sai gwangwanin biskit, jakar makaranta, har atamfa. Kamfanin can Turai ne ke yin su, bai ma san da wani Hammadu ba, amma a arewa ba mai kiran dorinar da sunanta na Faransanci. Direbobin da ke ɗauko shinkafa daga Yagoua suka sa Yaya ya zana musu ita a bayan motoci. Fatake suka kai kayanta Kolofata, suka tsallaka da su iyaka.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da mutum ke waiwayawa kafin ya yi magana a cikin gidansa. Akwai wani babban jami'i a garin, mai ƙiba, wanda mahauta da dillalan shanu suka san aikensa na a kawo masa nama da kuɗi ba ya ƙarewa. Ban san wanda ya fara ba, amma yara suka soma cewa "a ƙaro" idan motarsa ta wuce. Yaya bai taɓa nufinsa ba, wannan zan iya rantsewa a kai.

Baba ya kira shi zaure ya ce, "Hammadu, ka bar muryar nan. Ta fita hannunka."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, zane ne fa. Dabba ce."

Wata rana da hantsi jami'an tsaro suka zo suka kama shi, yana kan tsani yana zana allon kashi na uku. Ba a kai shi kotu ba, ba a faɗa mana laifinsa ba. Baba ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na cewa bai san zancen ba. Abokan da ke cika mana zaure suka daina bi ta layinmu. Inna ta bar cin nama, wai ba ta san abin da ɗanta ke ci ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba abin da ya tsaya. Aka nuna kashi na uku, aka ɗauki wani ya riƙa kwaikwayon muryar Yaya, gidan ya cika. Kullum in shiga aji sai in tarar da Tumbi tana yi mini murmushi daga jakunkunan ɗalibai. Har 'ya'yan jami'in nan irinta suke ratayawa.

Bayan fiye da shekara aka sako shi. Ya dawo a rame, haƙoransa na gaba babu, ga tari, muryarsa ta koma raɗa. Bai taɓa faɗa mana abin da aka yi masa ba, bai kuma sake taɓa fenti ba. Wata rana ina ba shi kunu ya tambaye ni ko har yanzu mutane na dariya a silima. Na ce suna yi. Ya tambayi wanda ke yi musu muryar, na faɗa masa.

Sai ya ce, "Ya iya?"

Na ce, "Bai kai ka ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Bai kai damina ba.

Yau jikokina a waya suke kallon irin waɗannan finafinai, an fassara musu da Hausa tsaf. Kafin fim ya fito, takalmansa da kofunansa sun riga shi zuwa kasuwa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai zauna cikinsu ya yi dariya, ya kuma kushe mai fassarar. Ba na jin zai yi mamakin yadda zane ke girma ya bar masu hidimarsa a baya, domin ya gani da idonsa.

Gidan silimar ya zama ma'ajiyar siminti. Motocin da ya zana sun ruɓe, ba kuma wanda ya taɓa naɗar muryarsa. Yaran da ya ba dariya su ne tsofaffin garin yanzu, kuma idan na ambaci sunansa fuskarsu takan saki kafin su tuna yadda ya ƙare. Wannan ba kaɗan ba ne, na sani. Amma ni, da na tashi ɗaki ɗaya da shi, idan na rufe ido ina neman yadda yake kiran sunana, muryar dorinar ce ke zuwa. Tasa ta gaskiya ta ɓace mini.

Allah ya jiƙanka, Yaya.