Busasshe da Bokitin Ruwa

A masana'antar haɗa magunguna da ke bakin kogin Wisla, babu mai kiran Ludwik Ziemba da sunansa sai matarsa Genowefa, ita ma sai ranta ya ɓaci. Kowa Busasshe yake ce masa. Shi ne shugaban ma'aikatan zaure na uku, inda ake aiki da sodiyam, wani ƙarfe mai laushi kamar sabulu da ake ajiyewa cikin kananzir, domin ko ɗigon ruwa ya taɓa shi sai wuta. Tun yana saurayi aikinsa ke nan. Ya busar da tukunya, ya busar da bututu, ya busar da man da za a zuba, sannan ya bi mutane yana duba goshinsu ko da gumi. Ya hana shiga da shayi. Ya taɓa korar wani gida saboda mura. Girarsa ta hagu ta ƙone tun farkon zuwansa, ba ta sake tsirowa ba, kuma ya fi alfahari da wannan saiƙon fiye da lambar yabon da hukuma ta maƙala masa.

"Ni ban yi karatu ba," yakan ce, "amma na san ruwa. Ko a coci aka zo yayyafa mana, sai na sunkuya."

A shekarar 1974 aka turo musu sabuwar injiniya daga Warsaw, Bozena Kruk, wata siririya mai magana a hankali. Ranar da ta fara shiga zaure na uku, da bokiti ta shiga.

Ludwik ya tare ƙofa, ya kira ta da Pani, lakabin girmama mace a ƙasarsu, kamar yadda ake ce wa namiji Pan. "Pani injiniya, mene ne a ciki?"

"Ruwa ne, Pan Ludwik. Da sodar sabulu."

Ta ajiye bokitin ta yi masa bayani. An daina aiki da sodiyam. Ruwan soda zai kwanta a ƙasan tukunya, mai yana sama, ba sa garwayuwa. Sai a zuba ɗan wani farin gari da yake iya zama cikin ruwa, yake iya zama cikin mai. Shi zai riƙa ɗauko abin da ake buƙata daga ƙasa ya kai sama, ya koma ya sake ɗaukowa.

"Ɗan dako ne kawai," in ji ta. "Mu namu mu juya da ƙarfi."

"Wato abin da na ƙone gira a kansa, yanzu da ruwan wanki za a yi shi?"

"Kuma ba wanda zai sake ƙonewa."

Ya tafi wurin darakta ya rantse masa cewa zauren zai tashi sama har da rufinsa. Darakta ya miƙa masa taba, ya ce umarni daga sama ya zo, ranar Asabar da safe za a gwada.

Ranar Juma'a da ya koma gida, Ludwik ya kasa cin miyar da aka zuba masa. Ya ce wa Genowefa gobe da sassafe ta ɗauki barguna da kejin kanarinta ta haye gada zuwa filin ciyawa, kada ta dawo sai ya zo, kuma kada ta gaya wa kowa. Genowefa mace ce mai riƙe sirri. Ƙanwarta kaɗai ta gaya wa, a layin sayen nama.

Gari na wayewa, duk unguwar ma'aikata ta watse. Mata da matasan kai a ka, maza da agogon bango a hammata, tukwanen kabeji, tsofaffi a kan amalanke, kowa ya nufi gada.

Shi Ludwik bai san wannan ba. Yana can zaure na uku sanye da hular kwano ta 'yan kwana-kwana, ya durƙusa bayan buhunan yashi. Abokinsa Mietek, wanda zai kunna injin juyawa, ya leƙo shi.

"Busasshe, in na mutu kekena naka ne. Sai dai ba birki."

Aka zuba mai, aka zuba ruwan soda, Bozena ta zazzage farin garin da hannunta. Ludwik ya toshe kunnuwa ya runtse ido. Inji ya yi ta gurnani. Can ya buɗe ido ɗaya, ya ga Mietek yana cin burodi. Tukunyar ta yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri, iyakar abin da ta yi ke nan. Da azahar aka kai samfuri ɗakin awo, aka dawo da labari cewa ba a taɓa samun mai tsabta irinsa ba. Ludwik ya so ya miƙe ya ce wani abu na girma, gwiwoyinsa suka ƙi. Mietek da injiniyar suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi.

A can filin ciyawa kuwa, mutane sun jira ƙara har sun gaji. Wani ya buɗe kwalbar giya don ƙarfin hali, wani ya fara kiɗa. Da Ludwik ya hayo gada da la'asar don ya ɗauki matarsa, ya tarar da unguwarsu gaba ɗaya ana rawa. Suna ganinsa suka ɗauki tafi. Surukarsa, tana zaune a kan amalanke da kwano a cinya, ta yafito shi.

"Ɗana, fashewar an ɗaga ne, ko an fasa?"

Ranar Litinin sakataren jam'iyya mai mulki na reshen masana'antar ya kira shi, ya ce tayar da hankalin jama'a laifi ne da ake korar mutum a kansa. Bozena ce ta shiga tsakani, ta ce tana buƙatar mutumin da ba ya wasa da ruwa. Sai aka sauke shi daga shugabanci aka ba shi famfon da ke gindin tukunya. In an gama juyawa, ruwa ya kwanta, mai ya taso, shi zai buɗe famfo yana kallon ɗan gilashi, da zarar ruwa ya ƙare mai ya fara sai ya rufe.

A makon farko ya ƙi rufewa da wuri, don kada ɗigo ɗaya ya saura, har ya zubar da kayan mutane da yawa a kwata.

"Pan Ludwik," in ji Bozena, "wannan ruwan ba ya cizo."

"Na sani, 'yata. Hannun ne bai sani ba."

A hankali hannun ya koya. Bai zama gwani ba, amma ya riƙe famfon har ya yi ritaya. Ɗan dakon nan kuwa bai taɓa gane shi ba. Bozena ta sha yi masa bayani a ɗakin cin abinci, da cokali da maiƙon da ke yawo a kan romo, yana gyaɗa kai, in ta gama ya shanye romon. Duk da haka shi yake tare sababbin ma'aikata ya koya musu, da murya mai nauyi, kowane lokaci da bayani daban.

Mutanen unguwa suka mai da wannan Asabar ranar fita kowace shekara. Shekarun farko Ludwik yakan kulle kansa a ɗaki. Daga baya ya fara zuwa, har ya zama shi yake ba da labarin, yana kwaikwayon durƙuson da ya yi bayan buhu, Genowefa tana gyara masa inda ya rage. Wata shekara Bozena ta zo, ta riga ta zama shugabar masana'antar, ta zauna kusa da shi a kan bargo ta tambaye shi ko yanzu ya yarda da hanyarta.

Ya daɗe yana taunar tsiren nama kafin ya amsa.

"Na yarda tana aiki," in ji shi. "Ban dai yarda ya kamata ta yi ba."