Ƙashin Jakin Ajinmu

A makarantarmu ta 'yan mata a Daura akwai wani ƙashin jaki da aka huda aka zura masa igiya. Duk wadda ta yi kuskuren Turanci a aji sai a rataya mata shi, ta yi ta yawo da shi har wata ta yi nata kuskuren. Wadda aka tashi yana wuyanta, ita ke sharar aji.

Ni dai ƙashin nan bai san wuyana ba. Ba na buɗe baki sai na juya maganar a zuci, in kuwa ina shakka, in yi gum. A jarrabawa ma babu mai kamo ƙafata.

Sai aka kawo 'yar kawuna daga Babban Mutum ta zauna a gidanmu, aka sa ta a ajinmu. Yarinyar nan baki gare ta kamar rediyo. Mace ta ce mata "he", namiji ta ce masa "she", in za ta ari biro sai ta ce "borrow me". A yi dariya, ta taya a yi, ta miƙa wuya da kanta. Ƙashin ya koma kamar sarƙarta, tsintsiya ma ta san hannunta. Wallahi har tausayinta nake ji a lokacin.

Da aka ce za a yi gasar muhawara a Katsina, ɗaliba ɗaya daga ajinmu, ban ko yi tantama ba. Har na wanke sabon hijabina na goge. Ban taɓa zuwa Katsina ba, kuma na riga na gaya wa Inna ni za a tura.

Malama ta shigo ta kira 'yar kawuna.

Na bi Malama har bakin ofis, zuciyata na tafasa. Na ce, "Malama, ita ce fa kullum da ƙashi."

Ta ce, "Na sani. Kurakuranta duk na ji su, za su gyaru. Ke kuma ko muryarki ban sani ba. Ki riƙa zama da ita da yamma kina yi mata gyara."

Kun ji fa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka na riƙa zama da ita a gindin darbejiyar gidanmu, ina gyara mata "their" da "there", hassada na cin raina. Ita kuwa ko a jikinta, sai "Yaya, sake faɗa min," har da tafi in ta dace. Da a ce tana min yanga ma da na samu abin riƙewa.

Ranar tafiya Inna ta ce hijabin 'yar kawuna ya koɗe, in ba ta nawa. Na ba ta. Muka raka ta bakin motar makaranta, ashe ƙashin na wuyanta tun jiya. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta tuna, ta ciro shi.

"Yaya, ajiye min, kada ya ɓata."

Hannuwana na riƙe da jakarta da gorar ruwanta, don haka sai ta rataya min shi a wuya. Motar ta tashi, 'yan ajinmu duka suna tsaye suna kallona.